Kati, Caja da Wayar HDMI: Inda Ɗora LibreELEC a kan Raspberry Pi Ke Cijewa

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Shirin yau na waɗanda suka sayi 'yar ƙaramar kwamfutar nan ne mai suna Raspberry Pi, da niyyar su mayar da talabijin ɗin falo wurin kallon finafinai da sauraron karatu, suka haɗa komai tsaf, suka kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Wanda ke da biro da takarda a kusa ya jawo su, domin akwai lambobi da sunaye da za a so a rubuta.

(KIƊA)

Raspberry Pi allo ne kore wanda faɗinsa bai wuce na katin ATM ba. Wata gidauniya ce a birnin Cambridge na Ingila, ƙarƙashin jagorancin Eben Upton, ta fitar da shi a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35, domin yara su koyi rubuta manhajar kwamfuta. Ba a daɗe ba manya suka gane cewa wannan ɗan allo yana iya kunna bidiyo mai kyau a talabijin, ba ƙara, ba cin wuta. Daga nan aka yi ta fitar da sababbi: Pi 2 a 2015, Pi 3 a 2016, Pi 4 a 2019, sai Pi 5 a 2023.

Manhajar da ke jera finafinan a allo ita ce Kodi. Asalinta aikin wasu masu sha'awa ne da suka fara a 2002 a kan na'urar wasan Xbox. Ta daɗe tana amsa sunan XBMC kafin a sauya mata suna a 2014. Kyauta ce. Tana kunna fim, da waƙa, da wa'azi, da hotunan biki, kuma an tsara rubutunta manya-manya yadda mutum zai karanta daga kan kujera da rimot a hannu. Amma Kodi ba ta iya tayar da kwamfuta ita kaɗai, sai an shimfiɗa mata babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura. A nan LibreELEC ta shigo. A watan Maris na 2016 wasu daga cikin masu aikin OpenELEC suka ɓalle suka kafa ta. Ƙaramar Linux ce da aka rage wa duk wani kayan da Kodi ba ta buƙata. Akwai kuma OSMC ta Sam Nazarko, wadda aka gina a kan Debian, da CoreELEC ta akwatunan talabijin masu ƙwaƙwalwar Amlogic.

Idan ɗorawa ta ƙi, abin da mutum ke fara cewa shi ne an sayar masa da mataccen allo, ko kuma manhajar ce ba ta da kyau. Masu gyaran da suka daɗe a harkar ba nan suke fara dubawa ba. Suna fara tuhumar abubuwa uku mafi araha a cikin kayan: katin memori, da caja, da wayar da ta tafi talabijin. Kuma allon kansa yana faɗin ciwonsa, da 'yan fitilu biyu da ke gefensa.

(KIƊA)

Tun kafin a taɓa kati, matsala kan fara daga fayil ɗin da aka sauke. LibreELEC ba fayil ɗaya take da shi na kowa da kowa ba. Akwai mai ɗauke da RPi2 a sunansa, wanda Pi 2 da Pi 3 ke amfani da shi tare. Akwai RPi4, akwai RPi5. Wanda ya ɗora na Pi 3 a kan Pi 4 ba zai ga Kodi ba ko da zai kwana yana cirewa yana mayarwa. Sunan allon a rubuce yake da farin fenti a jikinsa, sai a karanta kafin a kashe data. Masu tsohon Pi na farko da Pi Zero kuwa, LibreELEC ta daina yi musu sabon fayil tun daga fitowa ta 10 a 2021, don haka ta 9.2 ce iyakarsu.

Sai batun saukewar kanta. Inda intanet ke yankewa, fayil kan tsaya a rabin hanya amma ya zauna a kwamfuta da cikakken sunansa kamar lafiya lau. Shafin LibreELEC yana ba da wata doguwar lamba mai suna SHA256 ga kowane fayil. Idan aka lissafa ta fayil ɗin da aka sauke ta yi daidai da ta shafin, fayil ya cika. Wanda wannan ya yi wa nisa, aƙalla ya gwada girman fayil ɗinsa da wanda aka rubuta a shafin.

Kuskuren da ya fi kama sababbin shiga shi ne kwafe fayil ɗin a jefa cikin kati, yadda ake tura fim. Hakan ba ya aiki. Aikin ya fi kama da filashin ɗin da masu gyaran waya ke yi: ana share katin ne gaba ɗaya a rubuta masa sabon tsari tun daga tushe. Manhajojin da ke yin haka su ne Raspberry Pi Imager, wadda gidauniyar ta fitar a 2020, da balenaEtcher, da USB-SD Creator ta LibreELEC. Imager tana da sauƙin kai, domin tana tambayar irin allon, ta kawo fayil ɗin da ya dace da kanta. Bayan ta gama rubutu takan sake karanta katin don tantancewa. Masu gaggawa kan tsallake wannan mataki, alhali a nan ne ake kama katin da ba shi da lafiya.

Ga yadda ake gane an yi daidai. A mayar da katin cikin kwamfuta a buɗe. Idan fayil ɗaya tilo aka gani, mai ƙarewa da img.gz, to kwafe shi aka yi. Idan kuwa aka ga sunan katin ya koma LIBREELEC, cikinsa akwai tarin fayiloli, har da SYSTEM, da kernel.img, da config.txt, da cmdline.txt, to rubutu ya yi.

A daidai nan Windows kan tsorata mutane. Katin da aka saya mai gigabayit 32 sai ya nuna kimanin megabayit 512 kawai, ga kuma saƙo ya fito yana cewa akwai ɓangaren da ke buƙatar fomat. Katin bai lalace ba. An raba shi gida biyu ne, gida na biyun kuma an tsara shi da tsarin Linux wanda Windows ba ta iya karantawa. Duk wanda ya amsa wa saƙon nan da to, ya rushe aikin da ya gama yanzu. A rufe saƙon kawai, a cire kati ta hanyar da ta dace.

(KIƊA)

Raspberry Pi ba shi da rumbun ajiya a jikinsa. Komai nasa a katin yake, shi ya sa katin banza ke jawo ciwon kai iri-iri. Jabun kati ya cika kasuwannin duniya: a jiki an rubuta gigabayit 64, kwamfuta ma ta nuna 64, amma ainihin cikinsa bai wuce 8 ba. Irin wannan kati yakan karɓi rubutun farko lafiya. Matsalar tana fitowa ne a kunnawar farko, lokacin da LibreELEC ke faɗaɗa gida na biyu ya mamaye sauran katin, ko kuma bayan 'yan kwanaki, fayiloli su fara ɓacewa. Akwai 'yar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin da bayanai ta sake karanta su, ta faɗi gaskiyar girmansa. Masu Linux suna da irinta mai suna F3. Gwajin yana cin lokaci, amma a yi shi tun ranar da aka sayi kati, tun mai shago bai manta fuskar mai saye ba.

Ba a buƙatar babban kati. Mai gigabayit 8 ko 16 na gaske, mai alamar 10 a cikin da'ira, ko ma A1, ya wadatar, tunda finafinan a filas ko a rumbun waje za su zauna.

Yanzu an sa kati, an jona wuta. Kafin a kalli talabijin, a kalli allon. A Pi 3 da Pi 4 akwai fitila ja da fitila koriya. Ja ta wuta ce, ya kamata ta kama ta tsaya cak. Koriya ta kati ce, ya kamata ta yi ta ƙyaftawa ba tsari, alamar ana karatu. Idan ja ta kama a Pi 3 amma koriya ko motsi, allon bai ga abin karantawa a katin ba: ko bai shiga daidai ba, ko ba a rubuta shi ba, ko ya mutu. Idan kuwa koriyar tana ƙyaftawa da tsari, ta yi adadi kaza ta huta ta sake, to saƙo take bayarwa, sai a ƙirga. Ƙyaftawa 4 na nufin ba a ga fayil ɗin farko na tayar da na'ura ba, wanda sunansa ke farawa da start. Ƙyaftawa 7 na nufin ba a ga kernel ba, wato zuciyar manhajar. Waɗannan biyun maganinsu ɗaya: a sake rubuta katin da fayil ɗin da ya dace, ko a sauya kati. Ƙyaftawa 8 ce ke nuni ga memorin allon kansa, a nan ne mai saye ke da hujjar komawa wurin mai sayarwa. Pi 5 fitila ɗaya gare shi mai sauya launi, ja idan yana kashe, koriya idan ya tashi.

Pi 4 da Pi 5 suna da wata dabara mai amfani. A cire katin gaba ɗaya a kunna. Idan allo da waya da talabijin duk lafiya suke, rubutu zai fito a talabijin yana nuna cewa na'urar na neman abin da za ta tashi da shi. Fitowar wannan rubutu ta wanke allon, ta wanke wayar HDMI, ta bar kati shi kaɗai a gaban alƙali. In ko wannan bai fito ba, akwai ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin allon da kan lalace, kuma Imager tana da fayil na musamman na farfaɗo da ita. Ana rubuta shi a wani katin, a kunna, idan talabijin ya koma kore shar, gyara ya yi.

Wani kuma yakan ga allo mai launuka kamar bakan gizo ya tsaya ba gaba ba baya. Fitowarsa na daƙiƙa ɗaya ko biyu al'ada ce. Tsayawarsa ita ce matsala, kuma galibi fayil ɗin wani allon aka ɗora, ko katin ya gaza a tsakiyar karatu.

A kunnawar farko LibreELEC takan yi aikin faɗaɗa kati, ta kashe kanta, ta sake tashi. Masu ƙaramin haƙuri kan ɗauka ta maƙale, su zare waya. A ba ta 'yan mintoci. Inda wutar NEPA ba ta da tabbas, gara a yi wannan kunnawa a kan inbata ko sola, domin ɗaukewar wuta a wannan gaɓa na nufin komawa farko.

(KIƊA)

Masu sauraro, ga wanda ya kama mu a tsakiya, shirin yana bayani ne a kan matsalolin ɗora LibreELEC a Raspberry Pi, kuma an iso kan caja, wadda ta fi kowa laifi kuma ta fi kowa iya ɓuya.

Pi 3 yana son bolt 5 da amfiya 2.5. Pi 4 yana son amfiya 3. Pi 5 yana tashi da amfiya 3, amma cikakken ƙarfinsa sai da caja mai amfiya 5, wadda kamfanin Raspberry Pi ke sayarwa a matsayin mai wat 27. Mutum zai ɗauko cajar wayarsa ya ce ai wannan mai saurin caji ce, wat 33 aka rubuta. A juya bayanta a karanta ƙananan rubutun. Za a ga layi biyu ko uku: 5V da amfiyarsa, 9V da nasa, wani lokaci har 11V ko 12V. Babban wat ɗin da ake talla da shi daga manyan lambobin yake fitowa, Raspberry Pi kuwa layin 5V kaɗai yake sha. Idan a wannan layin 2A aka rubuta, cajar ba ta kai wa Pi 4 ba, kome tsadarta.

Wayar cajar ma tana da nata. Siririya mai tsawo tana shanye wuta a hanya. Shi ya sa cajar kamfanin ke fitar da bolt 5.1, da waya mai kauri da ba a cirewa. Da zarar wutar da ke isa allon ta sauka ƙasa da bolt 4.63, na'urar takan rage gudunta don ta tsira. Alamomin su ne jar fitila ta riƙa ɗaukewa, na'ura ta sake tashi da kanta daidai lokacin da fim ya fara, rimot ya ƙi ji, kati ya lalace ba dalili. A tsofaffin fitowar LibreELEC akan ga 'yar alamar walƙiya a kusurwar dama ta sama. A sababbi ba lallai ta fito ba, sai dai a tambayi na'urar ta SSH, wato hanyar aika mata umarni daga wata kwamfuta, da umarnin vcgencmd get_throttled. Idan ta amsa da 0x0, wuta lafiya. Idan ta amsa da 0x50005, yunwar wuta take ji a daidai wannan lokaci.

Su ma masu ƙera allon sun taɓa tuntuɓe a nan. Pi 4 na farko da ya fito a watan Yunin 2019 yana da kuskure a ramin cajinsa na USB-C: an sa ɗan resisto ɗaya a inda ƙa'ida ta ce biyu. Sakamakon haka, wayoyi masu tsada irin na laftof, waɗanda ke da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki, sukan ɗauki allon a matsayin na'urar sauti su hana shi wuta, alhali waya mai araha tana tayar da shi. An gyara wannan a bugu na 1.2. Wanda ya sayi Pi 4 na hannu ya ga ko fitila ba ta kamawa, ya gwada waya mai sauƙi kafin ya yanke hukunci.

Rumbun ajiya na waje, wanda masu gyara ke kira had-dis, shi ma daga jikin allon yake jan wuta. Duka ramukan USB na Pi 4 a haɗe amfiya 1.2 suke bayarwa. Pi 5 da ke kan cajar amfiya 3 kuwa rabin haka yake bayarwa. Rumbun da ke yin ƙas-ƙas yana ɓacewa yana dawowa ba lalacewa ya yi ba, wuta ce ba ta ishe shi ba. A sama masa mahaɗar USB mai tata cajar. Lokacin ɗorawa kuma a cire komai, a bar kati da caja da HDMI kawai.

(KIƊA)

Idan fitilu sun nuna lafiya amma talabijin na cewa babu sigina, saura waya. Pi 4 da Pi 5 suna da ƙananan ramukan HDMI biyu. Na kusa da ramin caja, mai lamba 0, shi ne na farko, a nan ake jonawa. Ramukan nau'in micro ne, na Pi Zero kuwa mini ne, kuma a shago ana yawan miƙa wa mutum ɗaya a madadin ɗaya. Waya mai ƙaramin kai a gefe ɗaya da babba a ɗaya gefen ta fi ɗan adafta, wanda nauyin waya ke lanƙwasawa har ya daina taɓawa.

Tsarin kunnawa ma yana da tasiri. Yayin tashi, allon yakan tambayi talabijin irin hoton da yake iya nunawa, talabijin ya amsa da wani bayani da ake kira EDID. Idan talabijin a kashe yake a lokacin, ba mai amsawa, sai hoto ya ƙi fitowa ko ya fito ba sauti. Wannan na yawan faruwa idan an dawo da wuta: Pi ya riga talabijin farkawa. Maganin wucin gadi shi ne a kunna talabijin tukuna. Na dindindin kuwa, a lokacin da hoto ke fita daidai, a ba na'urar umarnin getedid create, sai ta adana amsar talabijin ɗin ta riƙa amfani da ita kullum.

Akwai tarko ga masu bin tsofaffin bayanai. Shekaru da dama shawarar da ake bayarwa ita ce a buɗe config.txt a rubuta hdmi_safe ko hdmi_force_hotplug. Daga LibreELEC 10 an sauya yadda ake sarrafa hoto, waɗannan layuka sun daina tasiri. Yanzu cmdline.txt ake buɗewa, a je ƙarshen layin da ke ciki, a bar tazara ɗaya, a ƙara video=HDMI-A-1:1280x720@60D. Sharaɗin shi ne komai ya zauna a layi ɗaya. Wanda ya sauka sabon layi, abin da ya ƙara ba zai yi aiki ba. Duk bayanin da mutum zai bi, ya fara duba shekarar da aka rubuta shi da fitowar da ake magana a kai.

Idan hoto ya fito amma gefunansa sun yanke, gyaran a talabijin yake. A LG ana neman Just Scan, a Samsung kuma Screen Fit.

(KIƊA)

Kodi ta buɗe, an ga shuɗin allonta. Saura ƙananan matsaloli, waɗanda za a bi da sauri.

Na farko agogo. Daga Pi na farko har Pi 4 babu agogo mai batir a jikin allon, sai ya hau intanet yake sanin ranar da ake ciki. Idan kwanan wata ya karkace, shafukan da ke da tsaro sukan ƙi yarda da na'urar, sai ƙarin manhajoji su ƙi sauka, mutum ya yi ta zargin data. A duba agogon da ke kusurwar allo. A saitin LibreELEC akwai wurin da ake cewa ta jira intanet kafin ta buɗe Kodi. A zaɓi yankin lokaci, Legas ga 'yan Najeriya, Yamai ga 'yan Nijar. A saitin Wi-Fi kuma a sa lambar ƙasa, NG ko NE. Pi 3 na 2016 ba ya ganin Wi-Fi mai gigahaz 5, don haka mai ba shi intanet daga wayarsa ya sa ta a kan 2.4.

Na biyu sauti. A shiga saitin sauti a tabbatar HDMI aka zaɓa. Idan wasu finafinai na magana wasu sun yi gum, a kashe Passthrough, domin ba kowane talabijin ke fassara sautin DTS ba. Pi 5 ba shi da ramin iyafis ko kaɗan, mai son jona sifika sai ta talabijin, ko USB, ko Bluetooth.

Na uku rimot. Rimot ɗin talabijin yana iya tuƙa Kodi ta cikin wayar HDMI, da wata fasaha mai suna CEC, sai dai kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata: Anynet+ a Samsung, SimpLink a LG, Bravia Sync a Sony. A nemo ta a kunna. In talabijin ba shi da ita, manhajar Kore a wayar Android tana yin aikin.

Na huɗu fim mai sarƙewa. Finafinan da masu turawa a waya ke matsewa su yi ƙanana galibi da tsarin HEVC ake matse su, wanda ake rubuta x265 a sunan fayil. Pi 4 da Pi 5 suna da sashe na musamman na warware shi har zuwa 4K. Pi 3 ba shi da shi. Mai Pi 3 ya nemi fayil mai x264, ba saitin da zai sauya masa wannan.

Na biyar ƙarin manhajoji. A 2021 Kodi 19 ta koma Python 3, tsofaffin ƙari da yawa suka daina aiki. Masu alƙawarin tashoshin kuɗi da sababbin finafinai kyauta su ne suka fi rikita na'ura, ban da cewa satar fasaha ce, irin wadda masu shirya finafinan Hausa suka daɗe suna kuka da ita. A watan Afrilun 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa sayar da akwatin da aka cika da irin waɗannan ƙari keta haƙƙin mallaka ne. Kodi kanta halas ce. Idan ta yi ta faɗuwa a jere, LibreELEC takan tashi a wani yanayi na kariya, ta ajiye tsohon saitin gefe guda domin a cire abin da ya jawo rikicin.

(KIƊA)

Yanayin ƙasar Hausa yana ƙara nasa. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40 a inuwa. Ƙwaƙwalwar Pi tana fara rage gudu idan ta kai digiri 80, ta ƙara ragewa a 85. Allon da aka kulle a akwatin roba aka cusa bayan talabijin ba ya daɗewa kafin ya kai nan, sai fim ya fara tafiya da kyau, bayan rabin awa ya kama tsalle. Akwatin alminiyom ko 'yar fanka na magance wannan, Pi 5 ma yana da fankar da aka yi dominsa. Da hunturu kuma ƙura kan toshe fankar, sai a riƙa kaɗe ta da busasshen burushi bayan an cire wuta.

Game da ɗaukewar wuta, LibreELEC tana da wata kariya: gidan da manhajar ke zaune a kulle yake, karantawa kawai ake yi. Gida na biyu, inda saiti da jerin finafinai suke, shi ne ke iya lalacewa. Don haka da an gama saiti a shiga saitin LibreELEC a yi ajiyar kwafi, a kwashe fayil ɗin zuwa filas. A riƙa kashe na'urar ta cikin Kodi kafin a kashe janareta.

Masu akwatin Android da ke son CoreELEC, nasu matakin daban ne. Bayan rubuta kati, sai an shiga foldar device_trees an zaɓi fayil ɗin da ya dace da ƙwaƙwalwar akwatin da girman memorinsa, a kwafe shi zuwa farkon kati, a sauya masa suna zuwa dtb.img. A akwatuna da yawa maɓallin tayarwa yana ɓoye a cikin ramin AV, da tsinken sakace ake danne shi yayin da ake jona wuta. Akwatuna biyu masu suna ɗaya kan zo da ƙwaƙwalwa daban, kuma wanda ba Amlogic ba CoreELEC ba ta aiki a kansa. Masu ƙaramar kwamfuta mai Intel ko AMD kuwa fayil ɗin Generic za su rubuta a filas, su kashe Secure Boot, su kuma sani cewa ɗorawar tana share duk abin da ke cikin rumbun kwamfutar.

Wanda ya bi duk wannan bai dace ba, zai nemi wanda ya fi shi sani. Kafin ya je, ya riƙa sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya: kati kaɗai, ya gwada, caja kaɗai, ya gwada. Wanda ya sauya uku a tare, ko ta tashi bai san mai laifi ba. Sannan ya rubuta abubuwa 5 a takarda: sunan allon, cikakken sunan fayil ɗin da ya ɗora, abin da aka rubuta a layin 5V na cajarsa, adadin ƙyaftawar koriyar fitila, da abu na ƙarshe da ya gani a talabijin. Idan Kodi na buɗewa, saitin LibreELEC yana da wurin fitar da rahoton abin da ya faru a cikin na'urar, ya haɗa da shi. Wanda ya kunna SSH don ba da umarnin da aka ambata, sunan shiga root ne, kalmar sirri libreelec, kuma ya sauya ta a ranar, tunda kowa ya san ta.

Masu sauraro, nan lokaci ya kawo mu. Mai tambaya ya aiko ta hanyoyin da aka saba, tare da waɗannan abubuwa 5, za a amsa a shiri na gaba idan Allah ya kai mu.

(KIƊAN RUFE SHIRI)